Ƙungiyar ajiya da rance ta gama-kai a madadin banki: sharhin mai hulɗa da ita

Wanda ya buɗe asusu a bankin kasuwanci abokin ciniki ne kawai, wanda kuwa ya shiga ƙungiyar ajiya da rance ta gama-kai ya zama ɗaya daga cikin masu ita, kuma kusan duk wani alheri ko haɗari da ke cikin wannan hidima daga wannan bambanci yake tasowa. Banki mallakar masu hannun jari ne, waɗanda yawancinsu ba sa ajiya a cikinsa, kuma nauyin muryar kowannensu gwargwadon yawan jarinsa ne. A ƙungiyar gama-kai masu ajiya su ne masu karɓar rance, su ne kuma masu zaɓen shugabanni, kowane mamba da ƙuri'a ɗaya, ko ajiyarsa ta cika rumbu ko ba ta taka kara ta karya ba. Na daɗe ina karɓar albashina ta irin wannan ƙungiya, a cikinta nake ajiya, daga gare ta kuma na karɓi rance, alhali ban rufe asusuna na banki ba, saboda haka ina da abin da zan gwada ta da shi. Hukuncina shi ne ta fi banki wajen sauƙin rance da ƙarancin cire-cire, ta kuma gaza shi wajen fasahar zamani da yawan rassa. Sai dai wannan hukunci ba ya hawa kan kowace ƙungiya, domin tazarar da ke tsakanin mai nagarta da marar nagarta a cikinsu ta fi tazarar da ke tsakanin wannan banki da wancan nesa ba kusa ba, kuma aikin tantancewa a wuyan mai son shiga yake.

Asalin tsarin ya samo tushe ne daga matsalar masu bayar da bashi da ruwa mai tsanani. A Jamus, Hermann Schulze-Delitzsch ya fara haɗa kan masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa na birane tun daga 1850, Friedrich Wilhelm Raiffeisen kuma ya kafa ta manoma a Heddesdorf a 1864. A Kanada, Alphonse Desjardins, wanda yake aikin rubuta muhawarar majalisar dokoki, ya ji labarin wani mutumin Montreal da kotu ta umarce shi ya biya ruwan da ya kusa dala 5,000 a kan bashin dala 150, abin da ya sa ya kafa ta farko a garin Lévis a 1900. Daga can ta tsallaka Amurka, inda aka buɗe ta farko a Manchester ta jihar New Hampshire a 1908, gwamnatin tarayya kuma ta yi mata doka a 1934. A Afirka, ana danganta farkonta da garin Jirapa na ƙasar Gana a 1955. Na kawo wannan tarihi ne saboda yana bayyana dalilin da ya sa har yau ƙarfin waɗannan ƙungiyoyi yake wajen bai wa mai ƙaramin ƙarfi rance, ba wajen ƙyale-ƙyalen hidima ba.

Tambayar da ya kamata ta zo a gaban kowace tambaya, kuma wadda na lura mutane kan bari sai a ƙarshe, ita ce wa zai biya mai ajiya idan ƙungiyar ta durƙushe. A Amurka, hukumar NCUA da aka kafa a 1970 tana kula da asusun inshora da ke kare ajiyar kowane mamba har dala 250,000, daidai da kariyar da masu ajiya a banki suke da ita. A Ailan iyakar ita ce yuro 100,000, a Birtaniya hukumar da ke biyan diyyar masu ajiya a bankuna ita ce ke biyan na ƙungiyoyin, a wasu lardunan yammacin Kanada kuwa, irin su Manitoba da Saskatchewan, kariyar ba ta da iyaka ko kaɗan. Amma a ƙasashe da yawa babu wata inshora, illa takardar rajista daga ofishin kula da ƙungiyoyin gama-kai, wadda ba ta nuna komai face cewa ƙungiyar ta cike takardu an kuma san da zamanta. Rajista daban, lasisin karɓar ajiya daban, inshorar ajiya kuma daban, kuma ma'aikacin da ke son a shiga ƙungiyarsa yakan haɗa ukun a jimla ɗaya, wani lokaci ba da mugun nufi ba, don shi kansa bai rarrabe su ba. A Kenya, alal misali, dokar 2008 ta samar da hukumar SASRA mai bayar da lasisi ga ƙungiyoyin da ke karɓar ajiya irin ta banki, kuma ba kowace ƙungiya mai rajista ce take da wannan lasisi ba. Abin da ya dace shi ne mutum ya nemi sunan ƙungiyar a jerin da hukumar da ke sa ido take wallafawa da kanta, kada ya wadatu da tambarin da aka manna a jikin ƙofa.

Ko inda aka ce akwai inshora, sai a tambayi ta wace ce. Ranar 1 ga Janairun 1991, sa'o'i kaɗan bayan rantsar da shi, gwamnan jihar Rhode Island ta Amurka, Bruce Sundlun, ya rufe cibiyoyin kuɗi 45, yawancinsu ƙungiyoyin ajiya da rance, saboda kamfanin inshora mai zaman kansa da ya tsaya musu ya karye. Mutane kimanin 300,000 suka wayi gari ba su da ikon taɓa kuɗinsu, wasu kuma sun shafe fiye da shekara kafin su karɓi cikon abin da suka ajiye. Duk waɗannan mutane an gaya musu cewa ajiyarsu tana da inshora, kuma ba ƙarya aka yi musu ba, sai dai inshorar ba ta da gwamnati a bayanta, kuma kuɗin da ke cikinta bai isa ya ɗauki faɗuwar cibiyoyi da yawa a lokaci guda ba. Har yanzu akwai ƙungiyoyin da ke amfani da inshora mai zaman kanta, kuma ban ce dukansu abin gudu ba ne, amma ni kam ba zan zuba albashina da tanadin iyalina a inda kariyarsa ta dogara ga lafiyar wani kamfani da ban taɓa ganin littafinsa ba, matuƙar akwai wata ƙungiya da gwamnati ta tsaya mata.

Bayan wannan sai sharaɗin shiga. Galibin ƙungiyoyin nan ba kowa suke karɓa ba, sai wanda ya haɗa wata alaƙa da sauran mambobi, ko ta wurin aiki, ko ta sana'a, ko ta yankin zama, ko ta majami'a da makamantansu, kuma yawanci ana karɓar iyalan mamba. Hikimar ita ce wanda aka san shi, aka san inda yake samun abinci, yana jin kunyar cinye kuɗin abokan zamansa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ƙungiyar ma'aikatan wuri guda, wadda ake cire biyan bashi daga albashi tun kafin ya shiga hannu, takan yi ƙarancin masu taurin bashi. To amma alaƙar da ke ƙarfafa ƙungiya ita ce kuma ke iya kayar da ita, domin idan duk mambobi daga tushe ɗaya suke samun kuɗi, ranar da tushen ya ƙafe gaba ɗayansu za su kasa biya, gaba ɗayansu kuma za su zo cire ajiya. Abin da ya faru da Melrose Credit Union ta birnin New York ke nan, wadda ta zuba mafi yawan rancenta a kan lasisin tuƙa tasi. Farashin lasisin ya haura dala miliyan 1 a wajajen 2013 da 2014, zuwan Uber da Lyft, kamfanonin da ake kiran motar haya ta manhajarsu a waya, ya rushe shi, aka karɓe ragamar ƙungiyar a 2017, aka kuma rufe ta a 2018. Ajiyar da ke ƙarƙashin inshorar tarayya ba ta salwanta ba, kuma wannan ya sake nuna muhimmancin tambayar farko. Wanda yake da zaɓi tsakanin ƙungiyar ma'aikatan kamfani guda da wadda ta tattara mutane masu sana'o'i daban-daban, sai ya auna lafiyar wannan kamfani kafin ya yanke shawara, ya kuma tambaya ko zai ci gaba da zama mamba idan ya bar aikin.

Mai son shiga yana da damar da abokin cinikin banki ba kasafai yake amfani da irinta ba, wato ya ce a ba shi rahoton kuɗi na shekarar da ta gabata, wanda masu binciken kuɗi na waje suka sa wa hannu. Ba sai mutum ya karanci ilimin akanta ba kafin ya amfana da shi, lambobi biyu ko uku sun wadatar. Na farko shi ne kason rancen da aka yi jinkirin biya, kuma majalisar ƙungiyoyin ta duniya, WOCCU, a ma'aunin da ta tsara ta ce kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na dukan rancen da aka bayar. Na biyu shi ne tanadin ƙungiyar na kanta, wato rarar da ta tara tsawon shekaru ba ta raba ba, wadda ita ce ke fara shanye asara kafin ta kai ga kuɗin mambobi. Ma'aunin WOCCU ya nemi kashi 10 cikin 100 na dukan kadarori, babban bankin Ailan ma haka ya wajabta, a Amurka kuwa kashi 7 ne ke sa a lasafta ƙungiya cikin masu isasshen jari. Akwai kuma wani abu da ba lamba ba ne amma ya fi lambobin magana, shi ne yadda aka karɓi buƙatar. A ƙungiyar da nake ciki an miƙo mini rahoton ba tare da an tambaye ni dalili ba. A wata da na fara zuwa kafin ita, sai aka yi ta ce mini wanda ke riƙe da shi ba ya nan, daga baya aka ce sai na zama mamba tukuna, ni kuwa ban ga dalilin da zai sa in yi cinikin biri a sama da kuɗina ba.

Batun mulkin mambobi, wanda ƙungiyoyin suke alfahari da shi a tallace-tallacensu, yana buƙatar a faɗi gaskiya a kansa. A takarda, babban taron shekara-shekara shi ne ke zaɓen daraktoci da kwamitin sa ido, shi ke amincewa da rahoton kuɗi, a ƙasashe da dama kuma shi ke tabbatar da ribar da za a raba. A aikace, tarukan da na halarta ba sa tara ko kusa da yawan mambobin da ke cikin littafi, fuskokin da na gani bara su nake gani bana, 'yan takara sukan tsaya babu abokin hamayya, kuma tambayoyin da ake yi sun fi karkata ga yawan ribar da za a raba fiye da ingancin rancen da aka bayar. Daraktocin galibi 'yan sa-kai ne, mutanen kirki masu kishin abin, amma kishi ba ya maye gurbin sanin harkar kuɗi, kuma manajan da ya daɗe a kujera yana iya juya irin wannan kwamiti yadda ya so. Mafi yawan almundahanar da ake ji a ƙananan ƙungiyoyi daga nan take shiga, inda mutum ɗaya ne ke karɓar kuɗi, shi ke rubutawa, shi ke amincewa da rance, kuma kowa ya yarda da shi saboda an daɗe tare. Saboda haka yana da kyau a duba kundin dokokin ƙungiya a ga ko an ƙayyade wa'adin daraktoci, ko ana bayyana rancen da shugabanni da danginsu suka karɓa, ko kuma ana canza kamfanin da ke binciken kuɗi lokaci zuwa lokaci. Duk da wannan rauni, na taɓa ganin mambobi sun tilasta an janye wani sabon caji a zauren taro, abin da ban taɓa jin masu ajiya a banki sun iya ba.

Akwai wani rarrabewa da sabon mamba yakan gane shi a makare, shi ne tsakanin hannun jari da ajiya. Kuɗin da ake biya don zama mamba jari ne, kuma a wasu ƙasashe ɗan kaɗan ne ƙwarai, ana barinsa a asusu muddin mutum yana cikin ƙungiya. A wasu kuwa yana da yawa, ba a cire shi, ba a ma mayar da shi idan mutum ya fita, sai dai ya sayar wa wani mamba. Ajiya ma iri biyu ce a ƙungiyoyi da yawa, akwai wadda ake cirewa duk lokacin da aka so, akwai kuma wadda ake zubawa wata-wata a matsayin jingina, wadda da ita ake lissafa yawan rancen da mutum ya cancanta, sau da yawa ninki uku na abin da ya tara. Wannan ta biyun ba kuɗin gaggawa ba ce, kuma wanda ya zuba duk tanadinsa a cikinta yana zaton zai ɗebo ranar da rashin lafiya ta taso, zai tarar cewa hanyar da ta rage masa ita ce ya ranci kuɗi a kan kuɗinsa, ya kuma biya ruwa. Kafin a sa hannu a kowace takarda, a tambayi kowane asusu da sunansa, ko ana cirewa, bayan kwana nawa, da kuma ko inshorar ajiya ta shafe shi.

Rance shi ne inda na fi ganin fifikon ƙungiya a kan banki, kuma shi ne ya riƙe ni a cikinta. Jami'in da ya duba buƙatata ya karanta tarihin ajiyata da yadda albashina ke shiga, ya yi mini tambayoyi, ya kuma ba ni shawarar in rage adadin da na nema saboda abin da zai rage mini a wata bayan an cire biya. Ban ji daɗin shawarar a lokacin ba, amma na fahimci cewa ma'aikacin da ake biyansa lada a kan yawan bashin da ya tallata ba zai faɗi haka ba. Ba a kuma caje ni komai ba da na biya kafin wa'adi. A wasu ƙasashe doka ma ta sa wa ruwan ƙungiyoyin iyaka. Waɗanda ke da rajistar tarayya a Amurka ba sa wuce kashi 18 cikin 100 a shekara a kan yawancin rance, adadin da yake nan tun 1987, kuma wannan ya haɗa da katin bashi, inda bankuna sukan wuce haka. A Ingila iyakar ita ce kashi 3 cikin 100 a wata tun 2014, wanda idan aka tara shi shekara yakan kai kashi 42.6. Wannan adadi na Ingila ya isa ya nuna cewa sunan gama-kai ba ya nufin arha a kowane hali, domin mai kyakkyawan tarihin biyan bashi da ke neman kuɗi mai yawa yana iya samun sauƙi a banki.

Inda ake yawan ruɗar mutane shi ne hanyar lissafa ruwan. A ɗauka mutum ya ranci 100,000, a kowane irin kuɗi, zai biya cikin wata 12, an ce masa ruwan kashi 10 cikin 100 ne. Idan ana lissafawa a kan ragowar bashi, wato ruwan yana raguwa yayin da ake biya, abin da zai biya a kan uwar kuɗi kimanin 5,500 ne. Idan kuwa an ɗora ruwan ne a kan dukan kuɗin tun daga farko har ƙarshe, zai biya 10,000, kuma haƙiƙanin ruwan da ya biya ya kusa kashi 18 cikin 100, tunda rabin kuɗin ya riga ya koma hannun ƙungiya tun tsakiyar shekara amma ana ci gaba da cajinsa a kansa. Ƙungiyoyi biyu za su rubuta kashi 10 a allonsu, ɗaya kuma ta kusa ninka ɗaya tsada. A ƙara da kuɗin cike takarda, da inshorar rance, da ajiyar da aka kulle a matsayin jingina wadda mutum ba zai iya juya ta ba har ya gama biya, sai lissafin ya sake canzawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce wa jami'in ya rubuta jimlar abin da zai shiga hannu da jimlar abin da za a mayar, sannan a gwada waɗannan lambobi biyu da na wata ƙungiya da na banki.

Tsarin masu tsayawa shi ne ɓangaren da na fi jin nauyinsa, kuma ƙasidun talla ba sa ambatonsa. A ƙungiyoyin da ke amfani da shi, mai neman rance yakan kawo wasu mambobi su sa hannu cewa idan ya gaza a ɗebi ajiyarsu. Yana buɗe ƙofa ga wanda ba shi da fili ko gida da zai jinginar, wannan alheri ne babba. Amma daga ranar da mutum ya tara ajiya mai ɗan kauri, daga ranar zai fara ganin abokan aiki da takarda a hannu, kuma ƙin sa hannu yana ɓata zumunci, sa hannun kuma yana kulle wani kaso na ajiyarsa har sai wancan ya gama biya, ta yadda ko shi kansa ya tashi neman rance ko barin ƙungiyar zai tarar an ɗaure shi. Ƙungiya mai tsari takan sanar da mai tsayawa tun daga biyan farko da aka tsallake, takan fara bin mai bashin da kadarorinsa kafin ta juyo kan waɗanda suka tsaya masa, takan kuma ƙayyade yawan mutanen da mamba ɗaya zai iya tsaya wa. Marar tsari kuwa sai dai mutum ya duba asusunsa ya ga an zaftare. Wanda ya san ba ya iya cewa a'a, gara ya nemi ƙungiyar da ke bayar da rance bisa albashi da tarihin biya kawai.

Ga wanda addininsa ya hana shi mu'amala da kuɗin ruwa, ya sani cewa ƙungiyar gama-kai ta al'ada da ruwa take aiki, wajen bayarwa da wajen karɓa, kuma kasancewar ribar tana komawa ga mambobi bai canza yanayin yarjejeniyar ba. Akwai waɗanda aka gina su a kan ciniki da ƙarin riba sananniya, ko haɗin gwiwa a kan riba da asara, ko rance marar ƙari, kamar dubban ƙananan cibiyoyin Baitul Mal wat Tamwil na Indonesiya. A irin waɗannan ma sai an tambayi su waye malaman da ke duba yarjejeniyoyin, da kuma inda ƙungiyar take ajiye rarar kuɗinta.

Dangane da cire-cire na yau da kullum, a nan na sami sauƙi a zahiri. Ba a cajina kuɗin kula da asusu, mafi ƙarancin abin da ake buƙatar ya zauna a ciki kaɗan ne, kuma tarar da ake ɗorawa idan aka yi kuskuren cire fiye da abin da ke asusu ba ta kai ta bankina ba. Dalilin a fili yake, babu masu jari na waje da ke jiran kasonsu, a wasu ƙasashe kamar Amurka kuma an ɗauke wa ƙungiyoyin harajin kuɗin shiga na tarayya. Ribar da ake rabawa a kan ajiya kuwa ba alkawari ba ce, ta danganta da yadda shekara ta kasance, kuma ina ɗari-ɗari da duk ƙungiyar da ke tallata ribar da ta zarce ta takwarorinta da tazara mai yawa, domin ko dai tana bayar da rance mai haɗari da ruwa mai yawa, ko tana raba abin da ya kamata ta adana, ko kuma, a mafi munin hali, tana biyan tsofaffin mambobi da kuɗin sababbi.

Fasaha ita ce raunin da ban iya kawar da kai daga gare shi ba. Manhajar wayar ƙungiyarmu tana yin abin da ya wajaba, ana duba ragowar kuɗi, ana tura wa wani, ana biyan wasu kuɗaɗen wata-wata, amma tana da nauyi, takan tsaya don gyara a lokutan da ake buƙatarta, kuma sanarwar shigar kuɗi takan makara. Na taɓa yin tafiya katin cire kuɗina ya daina aiki a daren hutun ƙarshen mako, layin da aka tanada don ƙorafi kuma babu mai ɗauka sai ranar aiki, da ba don katin banki da ke aljihuna ba da na kwana cikin matsala. Ƙananan ƙungiyoyi ba su da kuɗin gina manhaja tasu, haya suke yi daga kamfanonin da ke yi wa ƙungiyoyi da yawa hidima, shi ya sa gyaran ƙaramar matsala yakan ɗauki lokaci. Tura kuɗi ƙasar waje da canjin kuɗi ma yawanci sai sun bi ta wani banki, da ƙarin kwanaki da ƙarin caji. A wasu ƙasashe ƙungiyoyi sun haɗa kai ta yadda mamban ɗaya zai shiga reshen wata ya yi hulɗa, ya kuma cire kuɗi a na'urorinsu kyauta, kuma inda ake da wannan, matsalar ƙarancin rassa ta ragu sosai. Ya kamata a tambaya ko ƙungiyar tana cikin irin wannan haɗaka, a kuma nemi wani mamba ya nuna yadda manhajar ke aiki a wayarsa kafin a mayar da albashi can. Manyan ƙungiyoyi ba su da wannan rauni, wasunsu sun kai manyan bankuna girma, sai dai gwargwadon girmansu gwargwadon yadda mamba ke komawa lamba a kwamfuta, kuma ƙuri'arsa ɗaya a cikin miliyoyi ba ta sauya komai.

Ma'aikatan da nake hulɗa da su sun san ni da suna, suna da haƙuri da tsofaffi da waɗanda ba su saba da takardu ba, kuma idan aka yi kuskure ana iya ganin wanda ke da ikon gyarawa a rana ɗaya. Wannan sanayya tana da nata farashi, domin a ƙaramar ƙungiya wanda ke zaune a kwamitin rance yana iya zama maƙwabci ko abokin aiki, ya ga albashin mutum da bashin da ke kansa da dalilin da ya sa yake neman ƙari. Wanda ke son rufin asirin harkokinsa ya tambaya ko ma'aikata ne ke yanke hukunci a kan rance ko kwamitin mambobi.

A ganina ƙungiyar gama-kai ta fi dacewa da mai albashi ko mai ƙaramar sana'a da ke son ya tilasta wa kansa tanadi, yana kuma hasashen zai buƙaci rance matsakaici nan gaba, haka nan da matashin da banki bai san shi ba balle ya ba shi bashi. Ba ta dace ta zama asusu tilo ga mai yawan tafiye-tafiye zuwa ƙasashen waje ba, ko ɗan kasuwar da kuɗi ke shiga da fita a hannunsa dare da rana. Wanda ajiyarsa ta haura iyakar inshora kuma sai ya raba ta gida biyu, ko a banki take ko a ƙungiya.

Sharuɗɗan fita ma a karanta su tun ranar shiga. Ƙungiyoyi da yawa suna buƙatar sanarwa a rubuce da jiran wani wa'adi kafin su mayar da ajiyar jingina, a Kenya kwana 60 ne, kuma ba za a saki kuɗin ba sai mutum ya biya bashinsa, waɗanda ya tsaya musu kuma sun gama biya ko sun samo madadinsa. Haɗewar ƙungiyoyi ma ta zama ruwan dare, ƙananan suna narkewa cikin manya, don haka caji da dokokin da mutum ya shiga a kansu suna iya canzawa, kuma a nan ne takardar kiran taro da ake watsarwa ba a karanta ba take da amfani, tunda galibi sai mambobin ƙungiyar da za a haɗe sun kaɗa ƙuri'a. Akwai kuma takardar da ake rubuta sunan wanda za a tuntuɓa ko a miƙa wa kuɗin idan mamba ya rasu. Wasu ƙungiyoyi suna da inshorar da ke shafe ragowar bashin mamacin ta yadda ba za a bi iyalinsa ko waɗanda suka tsaya masa ba, wasu ba su da ita, kuma yadda sunan da aka rubuta yake tafiya da dokar gado ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka a tambaya a ofis, a kuma sabunta takardar duk lokacin da aka yi aure, ko haihuwa, ko rasuwa a cikin iyali.